Gwajin ruwan batir, mako na ukku

Salam ƴan uwa masu koyon haɗa sola da gyaran batir, da fatan kuna lahiya. Wancan makon na ce zan gwada maganar da maigidana ya yi a shago, wai ruwa shi kanshi bai ɗaukar kuran, wato wutar lantarki, abin da ya narke a ciki ne ke ɗauka. To na gwada.

Kayan ba su da yawa, pil mai volt 9, ƙaramin ƙwan fitila ja da ake kira LED da rezistans ɗinshi mai rage ƙarfin kuran, ƙusa biyu da waya, sai kofuna. Ruwan pampon gidanmu na Ali Ɗan Sofo ya kunna LED ɗin sarai. Ruwan leda da muke ce ma piya wata shi ma ya kunna, kuma nan ne na tsaya ina kallo don ni a zatona tunda an tace shi ba zai kama ba, ashe tacewar sha daban take, ana cire datti da ƙwayoyin cuta amma sinadaran da suka narke suna nan. Ruwan batir kuwa, wato ruwan da aka raba da sinadaran da suka narke a cikinshi, sai da na rufe taga ɗaki ya yi duhu kafin na hango ɗan ja-ja. Na barbaɗa mishi gishiri kaɗan, nan take ya haska tar. Kanwa ma haka. Sukari cokali biyu na zuba a wani kofin, ko alama babu.

Dalilin shi ne gishiri in ya narke rabuwa yake gida biyu, sodiyam da kulorin, kowane da cajinshi, su ake kira ayon kuma su ke kai kuran daga wannan ƙusa zuwa waccan. Sukari yana narkewa amma bai rabuwa haka. Ruwan da ya kai ƙarshen tsabta awon ɗaukar kuran ɗinshi mikrosimens 0.055 ne a santimita a zafin digiri 25, na teku kuwa wajen 50,000, ku duba tazarar don Allah. Ɗan hasken da na gani a ruwan batir ma, da zarar ruwa ya sha iska kabon da ke cikinta yana narkewa ya ɗaga awon. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga an zuba ma batirin sola ruwan rijiya don zafin Maradi ya shanye nashi, kalsiyam da ƙarfen da ke ciki cin farantan dalma suke a hankali, batirin da aka saya da tsada ya mutu da wuri.

Na kuma gwada haɗa nawa ruwan batir da butar shayi, in dafa ruwa in tara tururinshi. Da tiyon roba tururi ya dinga fita kawai ba ya komawa ruwa, da na sa bututun jan ƙarfe na naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma sai ga ɗigo na sauka cikin kwalba, har na ƙone yatsa don ban zaci zafi zai iso ƙarshen bututun da sauri haka ba. Jan ƙarfe yana kai zafi wajen 400 a ma'aunin wat, alminiyom 237, baƙin ƙarfe 80, ruwa 0.6 kacal, katako bai ma kai nan ba. Abin da ya fi burge ni, ilektaron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke kai kuran cikin ƙarfe, su ne dai ke kai zafin, shi ya sa wayar da ta fi kyau ita ce ta fi saurin ƙona hannu in ana lika dalma.

Kwalbar farko ta kunna LED, da na bincika sai na tuna da sabulu na wanke ta ban ɗauraye da kyau ba. Ta biyu ta yi kusan daidai da na saye, amma ban zuba a batir ba tukuna don jan ƙarfen kanshi yana iya barin ɓurɓushi a ruwan. Kuma don girman Allah kar wani ya yi gwajin nan da kuran gida na volt 220, pil ya isa. Mako mai zuwa in sha Allahu zan gwada da gilashi da zafin rana a bisa rufin ɗaki.