Abin da PHP 8 ta tona a manhajar makarantarmu

A watan Disambar 2022 kamfanin da ke ajiye mana shafi ya turo saƙo cewa zai sauke PHP 7.4, wato sigar yaren kwamfuta da aka rubuta shafin da shi, daga na'urorinsa, tunda masu yaren sun daina toshe mata kafofin tsaro tun ranar 28 ga Nuwamba. Shafin na wata makaranta ce mai zaman kanta a nan Kano, ni na gina musu shi da hannuna: rajistar ɗalibai, kuɗin makaranta, da katin sakamakon ƙarshen zango. Wata Juma'a da dare, bayan isha'i, na shiga cPanel, inda ake sarrafa saitin shafi a wurin kamfanin, na mayar da shi PHP 8.1. Na buɗe shafin farko ya buɗu, na shiga da sunana ya karɓa, na rufe kwamfuta na kwanta. Iyakar gwajin da na yi ke nan, kuma a makon da malamai ke shigar da maki.

Da hantsin Asabar shugabar makaranta ta kira ni. "Injiniya, malamai suna ta danna sakamakon aji, farin shafi kawai yake fito musu." Na ce, "Hajiya, a ba ni minti talatin."

Farin shafi ba ya faɗa maka komai, domin a shafin da jama'a ke amfani da shi ana kashe nuna kurakurai. Fayil ɗin error_log, inda ake rubuta kurakuran shirin, na buɗe, na tarar da layi ɗaya ya maimaitu ba adadi: `Uncaught TypeError: Unsupported operand types: int + string`. Wato na ce a tara lamba da rubutu, PHP ta ce ba za ta yi ba. Layin da ta nuna shi ne inda ake tara makin ɗalibi, kuma shekaru yana aiki ban taɓa shi ba.

Na sa var_dump, umarnin da ke nuna abin da ke cikin gurbi da nau'insa, a kan makin, sai ga abin da ke ciki: "ABS". Malamai ne ke rubuta haka idan yaro bai zo jarrabawa ba, wasu kuma su bar gurbin wayam. Na san da hakan tun farko, har na yi masa shinge a sama: `if ($maki == 0) continue;`. A PHP 7, idan ka gwada rubutu da lamba ta hanyar `==`, rubutun ake juyawa ya koma lamba, kuma duk rubutun da bai fara da lamba ba sifili yake zama. Saboda haka "ABS" daidai yake da 0, fanko ma haka, sai a tsallake su. Daga PHP 8.0, wadda ta fito a Nuwamban 2020, an juya ƙa'idar: idan rubutun ba lamba ba ne, ita lambar ake mayarwa rubutu a gwada. "0" da "ABS" kuwa ba ɗaya ba ne. Shingena ya faɗi, "ABS" ya wuce har wurin tarawa, inda a da gargaɗi kawai ake yi a ɗauke shi sifili, yanzu kuwa shirin ne ke tsayawa cak.

Cikin gaggawa na yi abin da yawancinmu ke yi, na rubuta `(int)$maki` a layin tarawar. Shafi ya buɗu. Da na duba katin wata yarinya da rashin lafiya ya hana ta jarrabawa biyu, sai na ga matsakaicin makinta ya zube ƙasa, domin yanzu ana lissafa mata sifili biyu. Kuskuren ya yi shiru, zaluncin ya shigo. Na goge wannan gyaran nan take. A nan ne kuma na lura da abin da ya fi damuna: tsohon shingen nan yana tsallake har yaron da ya zauna jarrabawa ya ci sifili na gaske, ya ɗauke shi kamar wanda bai zo ba. An daɗe ana ɗaga wa irin waɗannan yara matsakaicin maki ba tare da kowa ya sani ba.

Na mayar da shafin kan 7.4, tunda kamfanin bai kai ga sauke ta ba, malamai suka ci gaba da aikinsu. Sannan na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na kwafo shirin da rumbun bayanan gaba ɗaya zuwa kwamfutata, na ɗora 8.1, na kunna `error_reporting(E_ALL)` domin ta nuna kowane kuskure da gargaɗi, na riƙa bin shafuka ɗaya bayan ɗaya.

Kurakurai masu ƙara ba su ba ni wahala ba. `count()` da aka miƙa wa null, wato babu komai, a ajin da ba a sa wa ɗalibai ba tukuna, `number_format()` da aka ba wa fanko, da tarin gargaɗin 8.1 a kan `trim()` da `htmlspecialchars()` idan suka karɓi null. Kowanne yana faɗa maka fayil da layi. Na haɗa da PHPStan, manhajar da ke karanta kod ta nemo kurakurai, na fara daga mataki na 0 na hau har na 5, inda yake duba nau'in abin da ake miƙa wa kowane aiki, ya zaƙulo mini wasu a shafukan da ba a cika buɗewa ba.

Wanda ya cinye mini yini guda shi ne wanda bai yi ko tari ba. Duk ɗalibin da na buɗe katinsa, sai shafin ya ce ana binsa kuɗin makaranta, har waɗanda na tabbata sun biya. Fayil ɗin kurakurai fes, babu layi ko ɗaya. Na zargi tambayar da nake yi wa MySQL, wato rumbun bayanan, na gwada ta kai tsaye, amsarta daidai. Na zargi kwafin rumbun, na sake kwafowa. Sai wajen la'asar na sa var_dump a kan layin da ya dawo daga rumbun, na ga `int(1)` a inda idona ya saba ganin `string(1) "1"`. A kod ɗina kuwa `=== '1'` na rubuta. Ashe daga 8.1, PDO, hanyar da PHP ke magana da rumbu, ta fara dawo da lambobin MySQL a matsayin lambobi na ainihi ko da a tsarinta na asali, wanda a da rubutu take mayar da su. Alamar `===` kuma tana duba nau'i, ba ƙima kaɗai ba. Da ban koma 7.4 da wuri ba, ranar rabon sakamako da an tare iyayen da suka biya a bakin ofis ana ce musu akwai saura. Akwai maɓallin `PDO::ATTR_STRINGIFY_FETCHES` da ke mayar da tsohuwar ɗabi'a, na kuma yi tunanin kunna shi in huta. Ban kunna ba, domin lamba ce a rumbu, gara ta zama lamba a kod. Na nemo duk inda na gwada da '1' ko '0' na gyara da hannu.

Wannan canjin a rubuce yake ƙarara a takardar ƙaura daga 8.0 zuwa 8.1 da ke shafin php.net. Karatun awa ɗaya ne, ita da ta 7.4 zuwa 8.0. Wanda zai tsallaka sigogi biyu, dukansu biyun zai karanta kafin ya taɓa cPanel, ba bayan an kira shi a waya ba.

Na ƙarshe a sashen rasit ya fito. Makarantar tana yi wa marayu da 'ya'yan ma'aikata rangwame, kuma gurbin rangwamen na bar shi yana karɓar kowane irin rubutu. Rasit ɗin wani yaro ya tsayar da shirin, na duba, abin da ke ciki "₦5,000". Alamar naira a gaba ta sa PHP 7 ke ɗaukar sa sifili, ba a cire ko kwabo. Da na bincika rumbun sai na ga wasu an rubuta "5,000" ba alamar, wannan kuwa PHP tana karanta 5 ta tsaya a waƙafi. Naira biyar ake rage wa maraya. Irin wannan ko PHP 8 ba ta tsayar da shi, gargaɗi kawai take yi ta wuce, kuma PHPStan ba ya ganin abin da ke kwance a rumbu. Sai da na rubuta tambayar SQL ta musamman ta fito mini da duk gurbin da ke ɗauke da wani abu ban da lamba.

Gyaran a bakin ƙofa na yi shi, wato inda fom ke shigowa. A cire alamar naira da waƙafi, a duba da `is_numeric()`, idan bai wuce ba a mayar wa mai shigarwa da saƙo cikin Hausa. Gurbin kuɗi a rumbu ya koma DECIMAL, wanda lamba kaɗai yake karɓa. Gurbin maki ya koma lamba mai karɓar null, aka yi wa "bai zo ba" akwatinsa daban da malami zai latsa. Sababbin fayiloli duk na fara su da `declare(strict_types=1)`, mai sa PHP ta tsaurara duba nau'in abin da ake miƙa wa aiki.

Ranar Litinin na buga jerin sunayen yaran da abin ya shafa, na kai wa ma'aji, dattijo ne da ya girmi mahaifina. Ya sa tabarau ya bi su da ɗan yatsa, sannan ya jawo tsohon littafin rasit daga durowa ya buɗe mini. Ga wurare nan ya soke jimla da biro ya rubuta daidai a gefe. Ya ce, "Ɗana, ni duk zatona hannuna ne ke kuskure wajen shigarwa, shi ya sa ban taɓa faɗa maka ba." Na ce, "Baba, ba hannunka ba ne, aikina ne." Muka zauna muka gwada jerina da littafinsa suna bayan suna. Yawanci ya kama su, amma akwai yara huɗu da suka kuɓuce masa, iyayensu mata suka biya cikakken kuɗi. Ya ɗauki takardar, muka nufi ofishin Hajiya tare domin a lissafa abin da za a mayar wa kowacce.