Kafin ka ce a yanka

Duk wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari ya san abu ɗaya: da zarar almakashi ya shiga yadi, ciniki ya ƙare. Ba a mayar da yankakke. Shi ya sa yawancin asarar da muka tafka a sayen tufafi ta faru ne a cikin 'yan mintunan nan da ke tsakanin "kai, wannan ya yi kyau" da "yanka min biyar". Muna rubuta wannan ne don ƙannenmu maza da mata da suka fara riƙe kuɗin kansu, don kada su biya kuɗin makarantar da muka riga muka biya.

Kuskuren farko tun daga gida yake farawa. Mutum zai fita da kuɗi a aljihu da niyyar "bari in je in ga abin da ke akwai". Wanda ya shiga Kwari da wannan niyya, kasuwa ce za ta zaɓar masa. Buɗe akwatinka ko durowarka tukuna, ka ware kayan da ka sa a cikin wata ukun da suka wuce, ka ajiye su gefe guda. Sauran da suka rage su ne tarihin kurakuranka, kuma idan ka duba za ka ga kamanninsu ɗaya: kalar da ta burge ka a shago amma ba ka da hular da za ta hau da ita, ankon bikin da aka sa sau ɗaya, ɗinkin yayi da ya wuce tun kafin a wanke shi sau uku. Abin da ka ware kuwa shi ne ainihin abin da kake sawa. Irinsa za ka nema.

Sai lissafi, wanda mu ma mun daɗe muna yin sa rabi. Kuɗin yadi ba shi ne kuɗin kaya ba. A kansa akwai ɗinki, akwai aiki idan za a yi, akwai shafi, zif da maɓallai, akwai kuɗin motar zuwa wajen tela sau biyu ko uku, sannan wanki da guga na duk tsawon rayuwar kayan. Mace kuma ta san atamfa ba ta fita ita kaɗai, tana jan mayafi, mayafi ya jawo takalmi da jaka. Haɗa duka kafin ka taya. Daga nan ka raba jimlar da yawan sawar da kake sa ran yi. A ce kaya ya tashi naira 60,000 har ɗinki, ka sa shi sau 40, kowace sawa ta ci 1,500. Wani kuma ya tashi 25,000 amma ya koɗe bayan sawa biyar, kowace sawa ta ci 5,000. Wanne ne mai tsadar? Abin da magabata ke nufi ke nan da sayen nagari mai da kuɗi gida. Amma a lura, lissafin nan yana yanka ta ɓangare biyu: shadda mai tsada da za a sa ranar Sallah kaɗai a ninke ta, ita ma asara ce, ko da ba ta koɗe ba.

Yanzu ga yadin kansa, inda ya kamata a daɗe.

Ka fara da sanin auduga ne ko roba. A zafin Maris da Afrilu wannan tambaya ta fi ta kala muhimmanci, domin yadin roba ba ya shan zufa, riƙe ta yake yi a jiki, kuma warinsa ba ya fita da wuri. Mai shago zai ce maka "kotin ne zalla". Ka roƙi ɗan ƙyalle, ko ka zare zare biyu-uku daga baki, ka fita waje ka kunna musu ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ƙaurinta na takarda ne, tokarta kuma tana murjewa a yatsa. Roba narkewa take yi, ta dunƙule ta zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri, da warin ƙonanniyar leda. Idan gauraye ne za ka ga toka da ɗan dunƙule tare. Gauraye ba laifi ba ne, ga kayan zuwa aiki ma yana da daɗin guga, amma kada a sayar maka da shi a farashin auduga.

Shadda ta fi kowane yadi yaudarar ido. Abin da ke sa ka tsaya a kanta shi ne sheƙi da tauri da ƙamshi, kuma duka ukun ana iya ɗora su a kan yadi mara nauyi. Sunan da muke kira gezna na kamfanin Getzner ne, da ke garin Bludenz a ƙasar Austriya, wanda yake saƙa tun 1818, kuma saboda sunan ya yi tashe, jabunsa sun cika kasuwa: rubutun baki, leda, tambari, duk ana kwaikwayo. Saboda haka kada ka tsaya ga rubutu. Kama kusurwar shaddar ka murza ta da ƙarfi tsakanin yatsu kamar mai wanki. Idan taurin na sitati ne, wurin zai saki ya yi laƙwas, wani lokaci har ka ga ɗan farin gari a hannunka. Ta gari tana yamutsewa amma jikinta yana nan. Sannan ka ɗaga falle ɗaya ka kalli rana ta cikinsa. Saƙa mai ƙarfi ba ta barin haske ya ratsa sosai. Idan kana hango layin shagunan gaba ta ciki, to wanki biyu zai mayar da ita mayafi. Ka juya bayanta kuma, domin zanen shadda a cikin saƙa yake, dole ya fito ta baya. Abu na ƙarshe shi ne farashi. Shaddar waje da dala ake sayo ta, kuma tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 kowa ya ga yadda kayan waje suka tashi. Idan aka ba ka "asalin gezna" a rabin kuɗin da manyan shaguna uku suka faɗa maka, ba sa'a ka taka ba.

Atamfa ma haka. Wadda ake kira Holan ta kamfanin Vlisco ce, a garin Helmond na ƙasar Holan, tun 1846. Masaƙunmu na Kaduna, irin su KTL da aka buɗe a 1957, yawancinsu sun daɗe da rufewa, shi ya sa akasarin abin da ke jibge a kasuwa yanzu daga Sin da Indiya yake zuwa, kuma a cikinsa akwai mai kyau ƙwarai, akwai na banza. Ba ƙasar da aka yi ta za ki tambaya ba, ƙanwata, ita za ki gwada. Buɗe turmin ki duba ciki da baya: atamfar da rini ya ratsa ta, fuska biyun kusan ɗaya suke, wadda aka buga wa zane a sama kawai bayanta fari-fari ne. Ki riƙa tafiya da farin hankici da ɗan ruwa a gora. Ki jiƙa gefen hankicin ki goga a wurin da ja ko shuɗi ko baƙi ya fi yawa. Idan kala ta biyo hankicin sosai, za ta zuba a wanki, ta ɓata farin da ke jikinta, ta kuma ɓata duk abin da aka jiƙa tare da ita. Jiƙa ta a ruwan gishiri da ake cewa a yi ba ya gyara rinin da tun asali bai kama ba. Mun gwada, gishirin kawai muka yi asara.

Kada a zaɓi kala a ƙarƙashin fitilar shago. Fitilun nan suna mayar da ruwan toka ya koma sararin samaniya, ruwan madara ya koma fari tas. A fito da yadin bakin ƙofa.

Awo kuma wuri ne da ake cin mutane shiru. Yadi inci 36 ne, wato kusan santimita 91, mita kuwa santimita 100. Mita biyar ta fi yadi biyar da kusan rabin yadi, kuma wannan rabin shi ne hannun riga. Ka tambaya a fili: biyar ɗin nan mita ce ko yadi? A auna da tef a gabanka, ba da gaba ko kamu ba. Kaftani da wando na babban mutum suna cin yadi huɗu zuwa biyar, gwargwadon tsayinsa da faɗin yadin. Idan da babbar riga, a lissafa goma. Turmin atamfa yadi shida ne, zani ya ɗauki biyu, ɗankwali kusan ɗaya, sauran na riga, amma wani turmin mai araha idan aka auna ba ya cika shida, sai tela ya fara ƙirƙiro miki salon da ba ki ce ba. Leshi yawanci yadi biyar ake yankawa. Faɗi ma a duba, domin yadi huɗu mai faɗi ya fi biyar siriri amfani. Mafi sauƙi, ka kira telanka tun kana shagon, ka faɗa masa faɗin da ɗinkin da kake so, shi ya ce maka nawa.

Game da ciniki ba mu da dogon bayani. Ka ji farashi a shago uku kafin ka taya a ɗaya. Wanda ya tare ka tun daga bakin titi ya ce zai kai ka inda ya fi araha, la'adarsa a cikin kuɗinka take, ko ka gani ko ba ka gani ba. Kada ka nuna yadin ya shiga ranka. Idan aka ce albarka, ka yi godiya ka taka; in akwai ragi za a kira ka. Kuma kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye, domin in aka sallama maka ka zame, ka zubar da mutuncinka a layin.

Sayen kaya ta waya, a WhatsApp ko Instagram ko TikTok, ya ƙara wata ƙofar asara, don hoto ba ya nuna nauyi, kuma kala a allon waya ba ita ce kala a hannu ba. In ba makawa, ki nemi bidiyo na ainihin turmin da za a aiko miki, a hasken rana, a buɗe shi a juya bayansa. Ku yi magana a rubuce kan wanda zai biya kuɗin mota idan abin da ya zo ba shi ba ne. Da sabon mai sayarwa, ki fara da abu ɗaya.

Tela shi ne rabin kayan. Yadi mai kyau a hannun tela mai gaggawa ya mutu. Wanda ya kai ɗinkin Sallah a goman ƙarshe na azumi ya san abin da zai tarar: shago cike, yara masu koyo su ne a kan keke, wuta ta ɗauke, ranar jajibere a miƙo maka riga da wuya a karkace. A kai tun Sha'aban, kuma a faɗi ranar karɓa da ta riga ranar buƙata da mako guda. A sake awo duk lokacin da za a yi sabon ɗinki, jiki yana canzawa, littafin tela ba ya canzawa. Kafin alƙalami kada ya wuce rabi. Yadin auduga yana tsukewa a wankin farko, saboda haka wanda ba mai sheƙi ba a jiƙa shi a shanya kafin a yanka. Shadda kuwa ba a jiƙa ta, sai a ce wa tela ya bar kamar inci ɗaya a cikin ɗinki da ƙafar wando don a iya buɗewa daga baya. Sabon tela a gwada shi da yadi mai sauƙin kuɗi. Ranar karɓa a sa kayan a shagon, a ɗaga hannu, a zauna, a durƙusa kamar za a yi sujada. Abin da zai matse a nan zai nuna.

Maganar anko tana da nauyi, mun sani, don ba yadi ake saye ba, zumunci ake saye. Amma mun ga yadda anko huɗu a wata biyu ke cinye kwasar adashe gaba ɗaya, kuma yawanci kala ce da ba za a sake sawa ba, ga shi duk unguwa an san na bikin wance ne. Ra'ayinmu shi ne a yi na 'yan'uwa na jini da aminai na gaske, sauran a je da kaya mai kalar da ta yi kusa, a ba da gudummawa gwargwadon hali. Wanda aka yi ma a ɗinka shi ɗinkin da za a iya zuwa aiki ko unguwa da shi. Tufafi a bashi kuwa, musamman na "ɗauki ki biya a hankali", kusan kullum farashinsa ya fi na kuɗi hannu, kuma sau da yawa kayan sukan tsufa ana kan biya.

Gwanjo ba abin kunya ba ne. A Ƙofar Wambai, wanda ya zo lokacin da aka fasa sabuwar dila yakan samu rigar sanyi ko wandon da ya fi sabon shago ƙarko. A duba hammata, wuya, tsakanin cinya da zif, a ɗaga a rana don ganin huji, a wanke a goge da zafi kafin a sa. Takalmi kuma a gwada ƙafa biyu da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a lanƙwasa shi a ga ko gam ne kaɗai ya riƙe ƙasan ko da ɗinki. Wanda ya matsa a shago kada a yarda da "zai buɗe".

Abin da ya rage shi ne wanki, inda kaya masu kyau da yawa suke mutuwa. Shadda da atamfa ba sa son ruwan zafi, ba sa son bilic, ba sa son a jiƙa su su kwana a omo. Sabulu mai laushi da ruwan sanyi, kowace kala daban a wankin farko, a juya ciki waje, a shanya a inuwa, domin ranarmu tana cin kala fiye da wankin kansa. A goge ta bayan yadin, wurin aiki kuma a ɗora ƙyalle a kai. Shaddar da sheƙinta ya fara kwanciya a kai ta wajen masu bugu maimakon a cika ta da sitati, wanda idan ya yi yawa yake sa ta karye a kan layin ninki. Kayan da za su daɗe a akwati a tabbatar sun bushe sarai, a riƙa fito da su ana shan iska lokacin damina, a sauya musu ninki.