Saukar baƙi a gidan da ya girme ka

Duk wanda ya buɗe ƙaramin masauki a tsohon gida, irin wanda baƙo ke kwana ya karya kumallo da safe ya kama gabansa, yana shiga sana'ar ne da niyyar yi wa baƙi hidima. Gaskiya ne, amma rabin aikin ke nan. Baƙo raɓa ne, yau yana nan gobe ya wuce. Gidan kuwa yana nan daram, yana da nasa buƙatun, kuma ba ya jira sai ka shirya kafin ya kawo su. Abin da na koya a wannan aiki kusan duka ya taru a wuri guda: mai masauki yana tsaye ne tsakanin abin da gini zai iya ɗauka da abin da baƙo ke sa ran samu, kuma kullum sai ya yanke hukunci a kan wanda za a ba haƙuri.

Ruwa ne babban abokin gabar tsohon gini. Ganye ya toshe indararo, ruwan sama ya rasa hanya ya bi bango, ya jiƙa bakin katakon da ke ɗauke da rufi, katakon ya soma ruɓewa daga ciki. Kafin tabo ya fito a silin ɗin ɗakin baƙo, ɓarnar ta yi watanni tana ci. Shi ya sa idan ana ruwa mai ƙarfi nakan zagaya gidan in ga inda ruwan yake bi da inda yake kwanciya, domin a busasshen lokaci bango ba ya nuna komai. Sharar indararo da maye gurbin abin rufi guda da ya zame aiki ne da babu baƙon da zai taɓa yaba maka a kansa, amma shi ke riƙe da sauran.

Inda na fi daɗewa ina koyo shi ne batun siminti. A shekarar 1824 ne wani magini a Ingila, Joseph Aspdin, ya yi rajistar simintin da ake kira Portland, kuma an ɗauki shekaru masu yawa kafin ya zama abin da kowa ke gini da shi. Gidajen da suka riga shi an ɗaura su ne da ƙonanniyar farar ƙasa da aka kwaɓa da yashi, ko kuma da ƙasa. Irin wannan bango yana shan laima, sannan ya sake ta idan iska ta buga shi. Ka shafe shi da siminti ko fenti mai roba, laimar za ta shiga ta wata kafa ta rasa mafita, sai ɗaki ya riƙa warin danshi, yaɓe ya kumbura, gishiri ya feso a jikin bango. Ga shi kuma siminti ya fi tsohon bulo tauri, don haka idan gini ya motsa kaɗan, kamar yadda kowane tsohon gini ke yi, bulon ne ke fashewa maimakon kwaɓin da ke tsakaninsa. Magini mai gaggawa zai ce maka a zuba siminti a huta. Wanda ya san tsohon aiki zai ce a mayar da irin abin da aka tarar, kuma zai gaya maka cewa farar ƙasa ba ta kamawa da wuri. Ma'anar wannan ga mai masauki ita ce ɗaki zai zauna a rufe makonni, ana kiran waya ana neman wurin kwana kana cewa babu. Da ciwo. Na yarda da wannan asarar ne saboda na ga ɗayar ta fi ta girma, sai dai ita a hankali take zuwa.

Masu kula da tsofaffin gine-gine sun daɗe da faɗin haka. Ƙungiyar da William Morris ya kafa a Ingila a 1877 domin kare tsofaffin gine-gine ta tsaya ne a kan cewa a riƙa kulawa kullum da ƙananan gyare-gyare, maimakon a bari abu ya lalace sannan a rushe a sake shi sabo. Yarjejeniyar da aka rubuta a birnin Venis na Italiya a 1964 ta ƙara wani abu da ya shafe mu kai tsaye: amfani da tsohon gini don wani abu mai amfanar jama'a yana taimakawa wajen raya shi, amma kada amfanin ya sauya tsarinsa ko adonsa. Sashen farko na maganar yana kwantar mini da hankali, domin gidan da ake shiga ana fita, ana buɗe tagoginsa, ya fi wanda aka kulle lafiya. Sashe na biyu kuwa shi ne iyakar da nake cin karo da ita kullum.

Banɗaki ne misalin da ya fi fitowa fili. Yawancin baƙin yau suna son nasu a cikin ɗaki, su kuwa waɗanda suka gina gidan ba su yi shi da wannan tunani ba. Kowane sabon banɗaki yana nufin bututun ruwa da na magudana, kuma hanya mafi sauƙi ga mai aikin famfo ita ce ya fafe katakon daɓe ya wuce da bututunsa. Katakon da aka fafe ƙarfinsa ya ragu ke nan har abada. Sai kuma tururin wanka, wanda idan babu fankar da za ta fitar da shi waje, cikin bango zai shige. A wasu ƙasashe ma doka ba ta bar maka zaɓi ba. A Ingila, ginin da aka sa cikin jerin gine-ginen tarihi ba a yi masa sauyin da zai taɓa kamanninsa, ciki ko waje, sai da izinin hukuma, kuma yin hakan ba izini laifi ne. A Amurka akwai rajistar wuraren tarihi ta ƙasa da dokar 1966 ta kafa, amma abin da ya fi ɗaure mai gida shi ne dokar garin da gidan yake. Ko'ina mutum yake, a tambaya kafin a ɗaga guduma. Ni dai na zaɓi in rage yawan ɗakunan haya a kan in yanyanka babban ɗaki, kuma duk abin da zan ƙara ina neman ya zama wanda za a iya cirewa wata rana ba tare da ya bar rauni ba.

Akwai wurin da ba na bin bayan gidan ko kaɗan, wato inda ran mutum yake. Baƙon da ke barci a gidan da bai sani ba, idan hayaƙi ya tashi cikin dare, bai san ta ina zai fita ba. Tsofaffin wayoyin lantarki ba a yi su don na'urar dumama ruwa da ta busar da gashi da cajin waya a kowane ɗaki ba, dole a sake su. Na'urar gano hayaƙi a silin mai ado ba ta da kyan gani, amma tana nan, haka ma mai gano iskar nan mai guba marar wari da murhu ko tukunyar gas ke iya fitarwa. Tsohon fenti sau da yawa yana ɗauke da dalma, wadda Amurka ta hana sa ta a fentin gidaje a 1978, kuma goge shi a bushe yana tayar da ƙura mai illa, musamman ga yara. Ruwan da ya kwanta a bututun ɗakin da ba a shiga ba shi ma abin lura ne, domin ƙwayar cutar Legionella, wadda aka gano bayan ɓarkewar da ta auku a wani otal a Filadelfiya a 1976, tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumin digiri 20 zuwa 45. Don haka ake ajiye ruwan zafi a digiri 60, ana kuma sakin famfunan ɗakunan da ba kowa duk mako. Inshorar gida ta yau da kullum ma galibi ba ta ɗaukar baƙo mai biya, sai an nemi ta masauki.

Game da baƙi kuwa, faɗin gaskiya tun kafin su zo ya fi komai sauƙaƙa mini aiki. Matakala tana da tsayi kuma babu lif. Daɓen katako yana ƙara. Wata ƙofar sai an sunkuya. Kaurin bango yana raunana intanet a ɗakin ƙarshe. Duk ina rubuta su a inda ake kama ɗaki, ko a shafinmu ko a dandamali irin su Booking.com da Airbnb, waɗanda ke cire nasu kamasho a kowane ciniki, ga shi kuma sharhin baƙo guda yana zama a can shekaru. Wanda ya karanta ya zo da saninsa, ƙarar katakon ma burge shi take yi. Wanda hoto kawai ya gani, ita ce abin da zai fara rubutawa. Na lura baƙi suna yafe wa tsufa kusan komai, amma ba sa yafe ƙazanta, katifa marar daɗi da ruwan wanka mai sanyi. Kuɗin da wani zai kashe a kayan ado, a nan nake zuba shi.

Teburin karin kumallo shi ne inda ake karantar mutane. Wani yana son ka zauna ka ba shi labarin gidan, wani yana son shiru, kuma gane bambancin tun daga gaisuwa aikin mai masauki ne. Abin da jikin baƙo ba ya karɓa ana tambayarsa tun ranar da ya kama ɗaki. Idan aka zo labarin gidan, ina faɗin abin da takarda ko ginin kansa ya tabbatar ne kawai. Jarabar ƙara gishiri tana da ƙarfi, don baƙi suna son jin cewa wani babban mutum ya taɓa kwana a ɗakinsu, amma ƙaryar da aka maimaita a teburi ba ta daɗewa take zama tarihin gidan a bakin mutane, kuma ina ganin wannan ɓarna ce kamar fafe katako.

Daga kuɗin kowane dare ina ware kason da ba na taɓawa, na rufi da bango. Lokacin da baƙi suka ja baya ina rufe masaukin gaba ɗaya, masu gyara su shigo su yi aikin da ba ya yiwuwa da mutane a ciki. Akwai kuma littafin da nake rubuta duk abin da aka yi: ranar aiki, abin da aka kwaɓa, inda bututu da waya suka bi, da hoton wurin kafin a rufe shi. Maginin da zai buɗe bangon nan gaba, ko a hannuna ko a hannun wanda zai gaje ni, zai san inda zai sa hannu da inda zai kauce.