Littafin bashin kaina: lissafin watan Agusta

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan koyo. Wata ya ƙare, ranar wanka kuma ba a ɓoyon cibi, don haka ga ni da littafina a buɗe.

Ga waɗanda suka shigo tafiyar nan daga baya, bari in sake faɗin yadda nake lissafin nawa. Shekarata tara a shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, biyar daga ciki ni ke riƙe wa maigidana Alhaji littafin bashi. Abin da zaman ya koya mini shi ne, bashin baki yana shiririta, amma wanda aka rubuta, ko bayan shekara aka buɗe shafin sai mai shi ya sunkuyar da kai. Shi ya sa a watan Janairu na sayi littafi mai jan bango irin na shago, na raba kowane shafi gida uku: jiki, rubutu, sana'a. Alkawarin da na ɗaukar wa kaina shi ne tafiyar ƙasa ta minti 40 kwana biyar a mako, kalma 200 a kullum, da awa uku a mako ina koyon Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta. Ranar da na saɓa, in rubuta "bashi" da jan biro. Ni ne mai shago, ni ne kuma kwastoman da ke zillewa.

Abin da littafin ya nuna a Agusta: tafiya kwana 14 cikin 22, kalma 3,900 cikin 6,200, Excel awa 15 maimakon 12. Wato na ci bashi a gida biyu, na yi rara a ɗaya.

Mu fara da jiki, don a nan na fi shan kunya. Tsarina shi ne in taso daga Gwammaja da ƙafa, in ratsa Ƙofar Mazugal, in bi titin IBB, in wuce Ƙofar Wambai har cikin Kwari. Kuɗin adaidaita sahu ya zauna a aljihu, jiki kuma ya motsa. Da rani zafi ne kawai abokin faɗana, sai in yi sammako. Amma Agusta a Kano kun san ta, tsakiyar damina ce. Kwana biyar cikin takwas ɗin da na rasa, ruwa ne ya tare ni, ko dai yana zuba ko ya bar hanya ta zama kogi. Mu 'yan Kwari tun ambaliyar 2022 da ta shiga shaguna ta jiƙa diloli, hadari ya haɗu gabanmu faɗuwa yake yi. Mutum ba ta motsa jiki yake ba, so yake ya isa ya ga ko ruwa ya taɓa kaya. Sauran kwana ukun kuwa ba zan ɗora wa ruwa ba. Lalaci ne tsagwaronsa, na dawo masallacin asuba gari ya yi luf, bargo ya yi kira na amsa.

Wautar da na tafka ita ce ta ranar Lahadin tsakiyar wata. Na duba littafi na ga jan biro ya yi yawa, sai na ce bari in biya bashin kwana uku a zama ɗaya, kamar yadda kwastoma ke zuwa ya zube kuɗin turmi goma lokaci guda. Na tafi Dutsen Dala da ƙafa, na hau, na sauko, na sake hawa, na sauko, sannan na zaga ta Goron Dutse na dawo gida. A saman Dala dai na more, birni ya wanku, ga hasumiyoyin masallacin Juma'a na cikin gari ana hangowa tar. Washegari gwiwar dama ta ce ba ta san zancen ba. Kwana biyu sai na dafa bango nake tashi daga sujada. Hajiyarmu ta gan ni ina ɗingishi ta ce, "Kai kuma wa ya aike ka? Dutsen guduwa zai yi?" Ban da amsa.

To a nan ne na gane littafin bashin nawa yana da gyara. Bashin rubutu yana biyuwa: kalma 200 ɗin da ban rubuta ranar Talata ba, in na rubuta 400 ranar Laraba labarin ya samu abinsa. Jiki ba ya karɓar biya a dunƙule. Ranar da ta wuce ba a taka ba ta tafi ke nan. Don haka daga yanzu, gidan jiki babu ja-da-baya, ranar da aka rasa a ja mata layi a yafe. Abin da zan riƙa dubawa shi ne jimillar mako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Tafiyata huɗu ta minti 40 ta ba ni 160, na shiga sahu ke nan. Ranar ruwa kuwa na samo dabara daga ƙanwata, tsallen igiya a soro, minti goma, a huta, a ƙara biyar. Yaran gida dai sun samu abin dariya, ƙato da gemu yana tsalle.

Wani ɗan uwa ya tambaye ni watan jiya ko ina cika taku 10,000 da waya ke nema. Ba na bin ta. Wannan adadi asalinsa tallar wata na'urar ƙirga taku ce a Japan a shekarun 1960, ba wahayi ba ne. Wayata ma a aljihun riga take, in na hau adaidaita muka faɗa ramuka sai ta yi ta rubuta mini taku. Agogo nake bi.

Abin da ya sa na fara duk wannan, hawan jini ne ya leƙo. A Disamba na gwada a kemis ɗin unguwa aka ce 138 bisa 88, ga 140 bisa 90 ɗin da ake fara kiran mutum mai hawan jini yana hango ni. Makon jiya na samu 130 bisa 84. Ba na cika baki, gwaji ɗaya ba hujja ba ne. Abin da na tabbata na rage shi ne lemon gora na azahar. Sukari kuwa shawarar hukumar nan kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, wajen cokalin shayi 12, kuma gora ɗaya ta kusa cinye lissafin. Mai shayinmu har yanzu in na ce "cokali ɗaya" sai ya kalle ni kamar na zage shi. Gurasa da tsiren yamma dai ban bari ba, kada a yi mini shaidar da ban kai ba.

Rubutu. Labarin ɗan dakon nan da nake ta ba ku labarinsa tun Yuni, wanda ya tsinci jakar wata baƙuwa daga Maraɗi, ya kai kalma 9,000 da ɗoriya. Yawancin na wannan wata a waya na buga shi, a shago, tsakanin azahar da la'asar in kasuwa ta lafa. Rana mafi albarka ita ce Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, da ba a fita sai ƙarfe goma. Na share ƙofar gida da wuri, na zauna na zuba kalma 700 a zama ɗaya. Da ana tsaftar muhalli kowane mako da tuni na gama littafi.

Na kai wa wani malamin Hausa da ke sallah a masallacinmu shafi shida ya duba. Na zaci zai yi maganar labarin. Ina! Jan biro ya ɗauko, ya mayar da takardar kamar littafin bashina. "Malam, labarinka da daɗi," in ji shi, "amma ka ce matar ta shiga fada da ɗan dako. Fadar Sarki suka shiga ko faɗa suka yi?" Haka ya bi ni, baki da baƙi, kafa da ƙafa, gaba da gaɓa. Ni da nake ganin lanƙwasar nan ƙawa ce kawai. Ya ce mini tun 1912 Ɗan Hausa, wato Hans Vischer mai gidan nan na Nasarawa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko, haruffa masu ƙugiya kuma suka shigo a shekarun 1930, ni ne a baya. Yanzu na sa Hausa a Gboard, wato allon rubutu na waya, in na danne k sai ƙ ta fito, haka d da b. Sai kuma rabawa da haɗewa: "yana" da "tana" a haɗe, "za ta" da "ya ce" a rabe, "ne" da "ce" su tsaya da ƙafarsu. Kwana uku na yi ina gyaran tsohon rubutu ban ƙara ko kalma ba. Na daɗe ina shawara ko in rubuta kwanakin nan bashi, daga ƙarshe na rubuta, don alkawarin sabuwar kalma na yi. Amma a raina na san sun fi wasu kwanakin da na cika 200 da surutu amfani. In akwai wanda ya samo yadda ake lissafa ranar gyara, ya taimaka mini.

Sai sana'a, inda na yi rarar. Burina bai canza ba, in Alhaji ya sallame ni in buɗe nawa ko da tebur ne, in shiga da lissafin da ba ya zuba. Adashina na zubi yana tafiya, kwasata a Disamba take in Allah ya kai mu. Kafin nan ina mayar da littafin bashin shago cikin kwamfuta, da tsohuwar laftof ɗin da Yaya ya bar mini.

Wannan watan na shiga SUMIF, wato ka ce wa Excel ya tattaro maka duk abin da ake bin mutum ɗaya ko da ya warwatsu a layi ɗari uku. Na yi murna na ɗauka na gama. Na kai wa Alhaji, na nuna masa bashin wani kwastomanmu na Damagaram. Ya kalli allon, ya kalli sama, ya ce, "Yaro, akwai turmi goma sha biyu na bayan Sallah da ba su cikin nan." Da ka ya faɗa, ko littafi bai buɗe ba. Kuma gaskiyarsa.

Dare biyu na kwana a kan neman inda suka maƙale, ɗaya ma da fitilar waya don an ɗauke wuta batirin laftof ya mutu, sai a littafi na bi layi-layi. Kurakurai uku na tono, ku rubuta su don kada ku faɗa. Na ɗaya, sunan mutumin na rubuta shi iri uku, wani wuri da "Alhaji" cikakke, wani "Alh.", wani kuma na bar fili a ƙarshen sunan ban sani ba. A wurin Excel mutum uku ne daban. Maganinsa a yi shafi guda na sunayen kwastomomi, a sa jerin zaɓi ta saitin Excel da ake kira Data Validation, kullum a zaɓo suna maimakon a buga. Na biyu, wasu kuɗaɗen na sa musu N a gaba don su nuna naira. Da ka sa harafi, Excel ya daina ganin lamba, rubutu yake gani, sai ya tsallake ta wajen tarawa ba tare da ya ce uffan ba. Alamar ganewa, lamba ta gaskiya gefen dama take jingina a cikin akwati, rubutu gefen hagu. Na uku shi ya fi ba ni haushi. Na buga 3/8 ina nufin uku ga Agusta, laftof ɗin kuwa a tsarin Amurka take, wata kafin rana, sai ta ajiye mini takwas ga Maris. Cinikin rabin wata ya koma baya ya ɓuya. Sai da na shiga saitin kwamfutar na mayar da yankin Najeriya, sannan na sake shigar da kwanakin da hannu.

Da na gyara na mayar masa, lissafi ya zo daidai da na kansa har kobo. Bai yabe ni ba, ba halinsa ba ne. Cewa kawai ya yi, "To a ƙara da gidan yadi, don shadda ba a turmi take fita ba." Gaskiya ne, turmin atamfa yadi shida ne a ƙa'ida, ita kuwa shadda wani ya yanki biyar, wani goma, dole kowanne da gidansa. Wanda ya san Alhaji ya san wannan maganar ita ce lambar yabon.

Amma ku lura da abin da littafin ya tona. Awa ukun da na yi rara a Excel ba daga sama suka faɗo ba. Na jera kwanakin na gani, duk daren da na kai sha biyu a kan laftof, washegari akwai jan biro a gidan tafiya ko na rubutu. Kwana ukun lalacin da na ambata ma biyu daga cikinsu nan suka fito. Taura biyu ba ta taunuwa, ni kuwa uku na cusa a baki. Lokacin da nake da iko da shi na gaske ɗan tsakanin asuba da fita kasuwa ne, sai bayan isha'i, kuma na daren yana cin na safen.

Don haka a Satumba laftof za ta rufe ƙarfe goma da rabi ko da lissafi bai zo daidai ba. Excel Talata da Alhamis kawai, kuma abin da ke gabana VLOOKUP ne, in buga sunan atamfa farashinta ya fito da kansa. Kalma 2,300 da na ci bashi na ɗauko su zuwa sabon shafi, zan riƙa biyan 100 a kan na kullum har su ƙare. Masu cewa za su raka ni Dala, Lahadin farko ce, ƙarfe shida da rabi a gindin matakala, in ba a wayi gari da ruwa ba. Hawa ɗaya za mu yi, na yi wa Hajiya alkawari.