Wa ya daka musu gari?

A shekarata ta ƙarshe a sashen tarihi na zaɓi rubuta kundina a kan mata a tarihin yaƙe-yaƙen Najeriya. A zatona aikin ya ƙare tun ban fara ba, tunda ga Amina ta Zazzau da ganuwowinta. Na cika shafi ashirin da kirari na kai wa Malam. Da na koma karɓa, tambaya ɗaya na tarar a gefen takarda da jan biro: "Su dakarun nan nata, wa ya daka musu gari?"

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Kwana uku ban buɗe fayil ɗin ba.

Da na huce na koma laburare, sai na ga ashe ita kanta Aminar ban san ta ba. Tsohon littafin Tarihin Kano ya sanya ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, ƙarni na 15, har ya ce Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Wasu masana kuma sun kai ta ƙarni na 16, 'yar Bakwa Turunku. Hoton da muka saba gani tana kan doki riƙe da takobi, mai zane na zamaninmu ne ya ƙaga. Ni kuwa duk na haɗiye ba tauna. Tun daga nan, kowace magana sai na tambayi wa ya faɗa, kuma shekara nawa bayan faruwar abin.

Tambayar garin ce ta fi cin lokacina. Lokacin da Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, jama'a ce sukutum ta tashi, da mata da yara da tsofaffi. Nana Asma'u tana ciki, yarinya 'yar kimanin shekara 11. Runduna irin wannan ba ta da rumbun gwamnati. Wasu ne ke surfe da daka, su ɗebo ruwa, su wanke rauni, su yi jinyar masu zazzaɓi a sansanin da yunwa ta yi wa katutu. Littattafai sun kiyaye sunayen masu tuta da na shahidai, amma mai turmi ba ta samu ko layi ɗaya ba. Akwai kuma ɓangaren da alƙalamina ya so ya kauce masa: a yaƙe-yaƙen wancan zamani, kowane ɓangare, mace tana cikin ganima. Malam ya ce, "Ki rubuta. In kin tsallake, kin koma maroƙiya."

Sojan zamani ya fi sauƙin bibiya domin akwai takardu. Josephine Tolefe, ma'aikaciyar jinya, ita ce macen farko da ta zama hafsa, a 1961. Aderonke Kale, likitar ƙwaƙwalwa, ta kai Manjo Janar a 1994. Ta ƙofar asibiti duk suka shigo. Sai a 2011 makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna ta fara ɗaukar mata a kwas ɗin mayaƙa, shekara 50 ke nan bayan Tolefe. A 2019 Tolulope Arotile ta zama macen farko mai tuƙa helikwaftan yaƙi, ta rasu a shekarar da ta biyo.

Babin da na fi so a bakin wata dattijuwa na same shi, tsohuwar magajiyar bariki, wato shugabar matan sojoji. Mijinta ya tafi yaƙin basasa a 1967. Ta ce in labarin rasuwa ya iso, ita ake kira ta shiga ɗakin matar. Ta kan cire takalmi a ƙofa ta zauna shiru, kafin ta buɗe baki matar ta gane. Muna hira tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago kai ba.

Da na tashi na ce, "Baba, wane suna zan sa?" Ta ce, "A'a 'yar nan, bar sunana, ni me na yi?" Haka na rubuta "wata dattijuwa". Malam ya zagaye kalmomin biyu da jan bironsa, bai rubuta komai a gefe ba.