Yadda ake gane ana mafarki tun ba a farka ba

Yawancin masu son sarrafa mafarkinsu daga ƙarshe suke farawa. Suna tambayar yadda za su tashi sama, ko su kira wanda suke so ya bayyana gabansu, alhali in ka ce su faɗi mafarkin da suka yi daren jiya sai su yi shiru. Aikin hawa uku ne: tuna mafarki, gane cewa mafarki kake yi kana tsakiyarsa, sannan juya shi yadda kake so. Hawa na ukun shi ake ta zuzutawa, amma shi ne mafi ƙarancin tabbas. Na farko da na biyu kuwa ana koyonsu, kuma abin da ke kawo nasara a cikinsu shi ne lokacin da ka zaɓa cikin dare, fiye da kowace dabara.

Mafarkin sane, wato wanda mutum ke gane cewa mafarki yake yi yana tsakiyarsa, ba tatsuniya ba ce. A watan Afrilun 1975, a Jami'ar Hull da ke Ingila, Keith Hearne ya yi yarjejeniya da wani mai suna Alan Worsley cewa in ya gane yana mafarki, ya juya idanunsa hagu da dama a jere. Na'ura ta ɗauki alamar a daidai lokacin da sauran ma'aunai ke nuna mutumin barci yake yi. Stephen LaBerge ya yi irin wannan gwaji a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya wallafa sakamakonsa a 1981. Dalilin da ya sa aka zaɓi ido shi ne, a zangon barcin da ake kira REM ƙwaƙwalwa tana kashe ƙarfin tsokokin jiki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani, amma tana barin tsokar ido da ta numfashi suna aiki. Riƙe wannan batu na numfashi, zai yi amfani nan gaba. A 2021 ɗakunan bincike huɗu a Amurka da Jamus da Faransa da Holan sun ƙara gaba: sun yi wa mutum 36 tambayoyi suna barci, irin su 8 a ɗebe 6, mai mafarkin ya amsa da juya ido sau biyu. Kusan kashi 18 cikin ɗari na tambayoyin aka amsa daidai, mafi yawa kuwa ba a samu amsa ba ko kaɗan. Wani nazari na 2016 da ya tattara binciken shekara 50 ya nuna kimanin kashi 55 na mutane sun taɓa yin irin wannan mafarki, kashi 23 kuma suna yinsa aƙalla sau ɗaya a wata.

Barci zagaye yake yi, kowane zagaye kimanin minti 90. A farkon dare barci mai nauyi ne ke cinye lokacin, REM ɗin farko bai cika wuce minti 10 ba. Yayin da gari ke kusa wayewa sai ya riƙa tsawo, har ya kai rabin awa ko fiye. Saboda haka wanda ke barcin awa biyar kullum ba awa biyu ko uku kawai ya rage ba, ya yanke ɓangaren da mafarki ya fi yawa ne. Giya da tabar wiwi suna danne REM, wasu magungunan ciwon damuwa ma haka. Kafin ka fara komai, samu barcin awa bakwai zuwa tara, lokacin kwanciya ɗaya, na tsawon mako guda aƙalla.

Sai littafin mafarki. Ajiye littafi da biro inda hannunka zai kai ba tare da ka tashi zaune ba. Da ka farka kada ka motsa, kada ka ɗauki waya, kada ka fara lissafin ayyukan yini. Tambayi kanka abin da kake ciki yanzun nan, ka kama ko da ɗan guntu ne, fuska ɗaya ko ɗaki ɗaya, ka bi shi da baya: kafin wannan me ya faru, kafin shi kuma me? In ba abin da ya zo, koma kwanciyar da kake kai lokacin da ka farka, sau da yawa yakan dawo. Rubuta nan take, domin cikin 'yan mintoci mafi yawansa zai gudu. Ranar da ba ka tuna komai ba, rubuta kwanan wata da yanayin da ka farka da shi, fargaba ko farin ciki, don kada al'adar ta yanke. Kada ka wuce wannan mataki sai kana tuna aƙalla mafarki ɗaya a yawancin darare. Ba don ƙa'ida ba ne kawai: mutum na iya yin mafarkin sane da tsakar dare ya manta da shi kafin safe.

Bayan mako biyu ko uku, karanta littafin daga farko da biro a hannu, ka ja layi ƙarƙashin duk abin da ba zai yiwu a farke ba, musamman wanda ke maimaita kansa. Wani kullum yana komawa makarantar da ya gama tuntuni, ana jarrabawa bai shirya ba. Wani haƙoransa ne ke zuba a tafin hannu. Wani yana danna lambar waya tana rikiɗewa, wani kuma yana hira da mamaci kamar ba abin da ya faru. Waɗannan su ne alamominka, kuma na kowa daban. A cikin mafarki sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke auna abu ya ce wannan bai dace ba, yana rage aiki. Shi ya sa za ka ga doki a cikin ɗakin kwana ka wuce abinka. Horon duka ƙoƙari ne na sa wannan sashe ya ɗan farka a daidai wurin da alama ta bayyana.

Gwajin rana, wanda Bajamushe Paul Tholey ya tsara tushensa, shi ne ka riƙa tsayawa sau biyar zuwa goma a yini ka tambayi kanka ko mafarki kake yi, sannan ka gwada. Gwajin da ya fi aminci shi ne toshe hanci da yatsu biyu, rufe baki, ka ja numfashi. A farke iska ba za ta shiga ba. A mafarki za ta shiga, domin hancinka na gaskiya a buɗe yake a kan matashi. Na biyu, karanta rubutu ko lambobin agogo, kau da kai, sake dubawa. A mafarki rubutu ba ya cika tsayawa yadda yake. Mintsinin jiki ba shi da amfani, ana jin zafi a mafarki. Kunna fitila ma ba abin dogaro ba ne. Abin da ke ɓata wannan gwaji shi ne yin sa da ka, kana da tabbacin a farke kake. Wanda ya saba haka, a mafarki ma zai taɓa hancinsa ya ce ai ido biyu nake, ya ci gaba. Ka ba shi daƙiƙa goma na shakka ta gaske: ya aka yi na zo nan, me nake yi minti goma da suka wuce? A ganina an fi ba gwajin rana girman da bai kai ba. Shi kaɗai ba ya haifar da abin kirki, amfaninsa ya fi fitowa a matsayin abin tabbatarwa in shakka ta zo cikin dare.

Inda aikin yake shi ne haɗa tashin dare da ƙulla niyya. Saita ƙararrawa awa biyar bayan ka kwanta. Wanda ya kwanta ƙarfe 10 na dare zai tashi ƙarfe 3. Tashi zaune, rubuta mafarkin da ka farka daga cikinsa, da fitila mai rauni, ba hasken waya ba. Tsawon zaman ya danganta da irin barcinka. Gwaje-gwajen LaBerge sun nuna zaman rabin awa zuwa awa ɗaya ya fi na minti 10 haifar da sakamako, amma wannan ga mai saurin komawa barci ne. In kai mai wahalar barci ne, minti biyar zuwa goma ya ishe ka.

Da ka koma kwance sai ka yi abin da LaBerge ya sa wa suna MILD. Dawo da mafarkin da ka fito daga ciki, ka nemo alamar da ka wuce ba ka lura ba, a ce wayar da lambobinta ke rikiɗewa. Ce a zuciyarka, kana nufin abin da kake faɗa: in na sake yin mafarki, zan tuna cewa mafarki nake yi. Sannan ka ga kanka a cikin wannan mafarkin, wayar tana hannunka, lambobin suna sauyawa, ka tsaya ka ce wannan mafarki ne, ka toshe hanci, iska ta shiga. Maimaita niyyar da hoton har sai ka ji sun zauna, ko barci ya fara ɗaukar ka. In tunani ya kauce zuwa wani abu, dawo da shi, domin ana so wannan ya zama abu na ƙarshe a ranka. Irin tunin da ake amfani da shi nan shi ne wanda ke sa ka tuna isar da saƙo da zarar ka ga mai shi, ba tare da kowa ya tuna maka ba. Mai maimaita kalmomin da baki kawai, hankali na wani wuri, ba abin da ya ƙulla.

A 2017 Denholm Aspy na Jami'ar Adelaide a Ostareliya ya gwada wannan haɗi da mutum 169. Waɗanda suka haɗa gwajin rana da tashin dare da MILD sun yi nasara a kimanin kashi 17 na ƙoƙarinsu. Amma waɗanda barci ya ɗauke su cikin minti biyar da gama niyyar sun kai kusan kashi 46. Wannan tazara ita ce darasin: in ka ɗauki minti 40 kana juyi, rage zaman gobe, rage haske, kuma kada ka sha kofi ko shayi mai ƙarfi daga la'asar. Kada ka yi tashin daren fiye da sau biyu ko uku a mako, kuma ka zaɓi daren da za ka iya ƙara barci da safe.

Karon farko yawanci ba ya wuce daƙiƙu kaɗan. Mutum ya gane, murna ta kama shi, sai ya farka. Maganinsa shi ne ka ba gaɓɓan mafarkin aiki kafin jikinka na kan gado ya ja hankalinka. Murza tafin hannuwanka da ƙarfi har ka ji ɗumi. Shafa bango ka ji kaushinsa, dubi layukan tafinka. In hoton ya fara dushewa, juya jikinka kana kewaya a wuri ɗaya. Kada ka ƙura wa abu ɗaya ido na dogon lokaci, kada ka tuna yadda kake kwance. Akwai kuma matsala kishiyar wannan, wato ka gane, sannan labarin mafarkin ya sake janye ka ka manta. Don haka riƙa faɗa wa kanka lokaci lokaci cewa mafarki ne. Bayan haka sau da yawa akan yi farkawar ƙarya: ka ga ka tashi a ɗakinka, har ka ɗauki biro kana rubutu, ashe har yanzu barci kake. Mayar da toshe hanci al'adarka duk lokacin da ka farka.

Juya mafarki kuwa da tsammani yake tafiya, ba da umarni ba. In ka tsaya ka ƙura ido kana son mutum ya fito daga iska, da wuya ya fito, domin wani ɓangare naka bai yarda ba. Amma in ka ce yana bayan ƙofar nan, ka buɗe da tabbaci, sau da yawa za ka same shi, ko wani mai kama da shi. Abin da kake nema ka laluba aljihu. Wurin da kake son zuwa ka sa shi bayan kwana. Tashi sama a fara da ɗan tsalle, a bar jiki ya jinkirta saukowa. Zaɓi aiki ɗaya tak tun kana farke, domin a ciki tunani gajere ne, mutane da yawa sukan gane suna mafarki su rasa me ma suka zo yi. Sarrafa jikinka ya fi sauƙi, sauya wuri gaba ɗaya ko mayar da dare rana yana yawan ƙi, har ga waɗanda suka daɗe suna yi.

Ga mai fama da mugun mafarki mai maimaituwa, wannan bambanci yana da muhimmanci. Ba sai ka ɓatar da abin da ke bin ka ba. Sanin cewa ba zai iya cutar da kai ba, ka tsaya ka juyo ka fuskance shi, shi ke rage tsoron. In mugun mafarkin ya samo asali daga wani tashin hankali da ka gani, yi wannan tare da likita, domin ana iya ganewa amma a kasa sauya komai ko a kasa farkawa, kuma wannan ya fi muni.

Tashin dare yana iya jawo dannau: hankali ya farka amma jiki na nan a ɗaure irin na REM, ga nauyi a ƙirji, wani lokaci har a ga kamar akwai wani a ɗakin. Yana wucewa cikin daƙiƙu zuwa 'yan mintoci. Kada ka yi kokawa da shi. Ja numfashi a hankali, motsa ɗan yatsa ko ido. Ya fi zuwa ga mai kwanciya rigingine da wanda barci bai ishe shi ba, don haka kwanta ta gefe. Dabarar da ake kira WILD, inda ake ƙoƙarin shiga mafarki kai tsaye ba tare da hankali ya gushe ba, ita ta fi kai mutum nan, kuma yin ta a farkon dare ɓata lokaci ne tunda REM na da nisa.

Za ka ji ana maganar wani magani mai suna galantamine. A wani gwajin LaBerge na 2018 da mutum 121, kashi 14 sun yi mafarkin sane da ƙwayar da ba magani a ciki, kashi 27 da miligiram 4, kashi 42 da miligiram 8, duk tare da tashin dare da MILD. Sai dai maganin cutar mantuwa ne na Alzheimer, yana kawo tashin zuciya da rashin barci, yana iya rage bugun zuciya, yana kuma da haɗari ga mai asma ko gyambon ciki. Ba abin sha ba ne ba tare da likita ba. Abin rufe ido mai walƙiya da manhajojin waya kuwa, waɗanda aka yi don su ba ka alama kana cikin mafarki, matsalarsu ɗaya ce: hasken ko dai ya yi rauni ya shige cikin mafarkin a matsayin fitilar mota ba ka lura ba, ko ya yi ƙarfi ya tashe ka.

Wanda ke fama da rashin barci, ko ciwon da ke sa a kasa bambance gaskiya da abin da ba ita ba, ko ciwon da yanayi ke hawa da sauka sosai, ya bar tashin dare da gwajin rana, domin yanke barci da yawan shakkar gaskiya suna iya tayar da ciwon. Haka direba da mai aiki da inji a daren da za su fita da safe. Ga sauran mutane, in ka ga kana gyangyaɗi da rana ko ranka na saurin ɓaci, dakatar da ƙararrawar mako guda, ci gaba da littafin kawai, sannan ka dawo da dare ɗaya a mako.