Sallarmu a Agege, hankalina a Mandalay

Jiya Lahadi, 30 ga Maris, 2025, muka yi Ƙaramar Sallah a gidan yayana da ke Agege, kuma rabon da mu taru haka, har da 'yan'uwanmu na Idi-Araba, an kwana biyu. Bayan mun sauko daga Idi, Hajiyarmu ta sa aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka jera kulolin waina da miyar taushe, yara kuwa suna ta zagaye mu da sababbin kaya suna neman goron Sallah.

Ina cikin cin wainar ne na duba waya, sai na ci karo da hotunan girgizar ƙasar da ta afka wa Myanmar ranar Juma'a, mai ƙarfin maki 7.7, kusa da birnin Mandalay. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da ta zo, domin ta rutsa da Musulmi a masallatai ana shirin sallar Juma'ar ƙarshen Ramadan, mutanen da wataƙila sun riga sun ɗinka wa 'ya'yansu kayan Sallah kamar yadda muka yi. Zuwa jiya, waɗanda suka rasu sun haura 1,600.

Hajiya ta lura na ajiye cokali, ta ce, "Auta, lafiya?" Da na nuna mata, ta daɗe tana kallo, sannan ta sa aka rage sautin rediyo, muka ɗaga hannu muka yi musu addu'a. Na ci gaba da cin abincin, gaskiya, amma ban iya ƙarasa kwanon ba.